Kafin Ku Ce Ciyawa Tana Haihuwa

'Ya'yana ɗaliban aikin gona da kiwo, musamman ku da rabo ya kai ku sashen inganta irin ciyawa, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wani aiki da nake ganin da yawanku kuna yi a gurguje, wato duba bununi. An ba ku gilashi da kwalbar rini, an ce ku ɗiga, ku leƙa madubi, ku ƙirga ƙwayoyin da suka yi launi da waɗanda ba su yi ba, ku fitar da kashi cikin ɗari. Koyon wannan ba ya wuce yamma ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin iyakar abin da lambar nan ta faɗa muku, kuma hanyar nan ce nake fatan in rage muku tsawonta.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san bununi tun kafin ya shiga aji. Idan gero ya fid da kai, farin gashi mai laushi ne ke fara bayyana a jikin zangarniya, shi ne ɓangaren mace. Bayan kwana biyu ko uku sai 'yan jakunkuna su leƙo suna reto, su fashe, gari rawaya ya tashi ya bi iska, ya ɓata wa mai ratsa gona riga. Wannan garin shi ne namiji. Kowace ƙwaya a cikinsa halitta ce mai rai, tana da bango mai kauri da 'yar ƙofa guda ɗaya tak. In ta sauka a kan gashin mace, ta ƙofar nan take fid da siririn bututu, ta isar da abin da ta ɗauko har wurin ƙwan da zai zama tsaba. Da wannan bututu dawa da masara da shinkafa suke haihuwa, da shi gamba da kyasuwa suke yi, domin a wurin masana tsirrai duk gida ɗaya suka fito.

Kun san halin da dabbobinmu ke shiga daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar ruwan fari. Ciyawar daji ta bushe, harawa ta yi tsada, saniyar da ta yi ɓul-ɓul da kaka sai ka ƙirga haƙarƙarinta da bazara, nono ya ja baya. Makiyaya kullum raguwa take, burtali yana ƙuntata, kuma ba sai na gaya muku irin fitinar da wannan ke jawowa tsakanin mutanen da suka gaji zaman lafiya da juna ba. Shuka ciyawa yadda ake shuka hatsi yana cikin mafita. To amma ciyawa hanya biyu take bi ta isa ga mai dabba: ko a auna masa iri, ko a ba shi kara ya dasa. Iri ba shi da nauyi, yana ajiyuwa har wata damina, mai babur zai kai shi ƙauyen da mota ba ta shiga. Kara kuwa sai da mota da leburori, kuma in ya daɗe a rana ya tashi aiki. Saboda haka duk ranar da kuka rubuta cewa ciyawa kaza bununinta lafiyayye ne, alkawari kuka ɗauka wa wani bawan Allah da ba ku taɓa gani ba, cewa zai sami iri.

Bari in ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. Gero yana da kuromosom 14 a kowace ƙwayar halittar jikinsa, bakwai daga uwa, bakwai daga uba. Ciyawar giwa, wadda littattafanku ke kira Napier, 'yar uwarsa ce ta kusa, asalinta nan Afirka, amma ita 28 gare ta. Gero yana da taushin ganye da daɗin ci ga dabba da jure fari, sai dai damina ɗaya yake yi ya mutu. Ciyawar giwa tana shekaru ana yanka tana tofowa, kayanta da yawa, amma karanta yana saurin yin tauri. Wa zai ƙi a haɗa alherin nan biyu a tushe ɗaya? Glenn Burton, wanda ya yi rayuwarsa ta aiki a Tifton da ke jihar Jojiya a Amurka, ya wallafa sakamakon wannan aure tun 1944. Indiyawa suka riƙe abin da hannu biyu, suka fitar da ire-ire irin su NB-21 da CO-3, waɗanda masu shanun madara ke shukawa har gobe. A nan gida ma, cikin shekarun 1970, M. E. Aken'Ova da H. R. Chheda na Jami'ar Ibadan sun yi aiki a kansa, har da maiwarmu a cikin abin da suka aurar.

'Ya'yan wannan aure suna fitowa da kuromosom 21, bakwai daga gero, 14 daga ciyawar giwa. Sukan yi tsayi da ganye, gwanin ban sha'awa. Amma in lokacin yin bununi ya zo, dole kowane kuromosom ya tsaya da abokinsa kafin a raba su gida biyu. Bakwai ɗin gero sukan sami abokai a cikin rabin na ciyawar giwa, saboda kamar da ke tsakaninsu. Sauran bakwai ɗin ba su da kowa, wasu su bi nan, wasu su bi can, wasu a bar su a tsakiya su lalace. Ƙwayar da ta fito daga irin wannan rabo ba ta samun cikakken gado, sai ta mutu tun ba ta ƙosa ba. Labarin alfadari ke nan: jaki yana da 62, goɗiya 64, ɗansu 63, ga ƙarfi ga juriya, babu haihuwa. In kuka sa irin wannan bununi a madubi, ƙwayoyi za ku gani ƙanana a motse, bango ne kawai babu komai a ciki.

Tun 1937 aka gano cewa sinadarin kolcisin, wanda ake samu daga wani furen ƙasashen sanyi, yana hana kuromosom rabuwa yayin da ƙwayar halitta ke shirin zama biyu, sai adadinsu ya ninka. In aka jiƙa tsiro mai 21 da shi aka yi dace, sai ya koma 42, kowa ya sami abokinsa, haihuwa ta dawo. A littafi nan maganar take ƙarewa. A gona kuwa ba kowane reshe ke ninkawa ba. Tushe ɗaya yana iya ɗauke da ɓangare mai 42 da ɓangare mai 21, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ninka sukan riƙa zubar da kuromosom a hankali. Nan ne duba bununi yake da rana. Za ku bi zangarniya bayan zangarniya, ku ga wadda ƙwayoyinta suka cika suka ƙara girma, ku ɗaura mata alama, ku bar wadda ta zauna fanko. Mai gaggawa da ya duba kai ɗaya ya yanke wa dukan tushe hukunci, zai iya tumɓuke abin da aka shekara ana nema.

Yanzu mu zo ga rinin da ke hannunku. Ƙwayar bununin ciyawa da ta ƙosa cike take da sitaci, shi ne guzurinta. In kun ɗiga ruwan aidin sai ta yi shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, fanko kuwa ta zauna fayau. Asetokamin yana rina abin da ke cikin ƙwaya ja. Rinin da M. P. Alexander ya haɗa a 1969 ya fi su daɗin karantawa, domin yana rina bango kore, abin ciki kuma ja mai duhu, sai wadda ta lalace ta fito kore shar, babu gardama. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Suna da arha, suna aiki ko a ɗakin da wuta ba ta zama, kuma da su aka yi yawancin ayyukan da muke alfahari da su. Sai dai tambaya ɗaya suke amsawa: ƙwayar nan ta ginu ta cika, ko ta lalace a hanya? Ba sa gaya muku ko tana da rai a wannan sa'a. Sitaci ba ya barin ƙwaya don ta mutu.

Ina roƙon kowannenku ya yi wani ɗan gwaji da hannunsa, ko da sau ɗaya ne. Ku karkaɗo bununin gero mai kyau, ku raba shi biyu. Rabi ku sa shi a tanda mai zafin awo 80 na kamar awa biyu, har ku tabbata babu mai sauran numfashi a ciki. Sannan ku rina duka biyun da aidin ko asetokamin, ku ajiye gilasan gefe da gefe. Za ku ga matattun sun karɓi launi yadda rayayyun suka karɓa. Wanda ya ga wannan da idonsa, hannunsa ba zai ƙara yarda ya rubuta "kashi kaza masu rai" ba alhali rini kawai ya ɗiga. Zai rubuta "kashi kaza sun karɓi rini", ya faɗi sunan rinin. Ga yadda nake so ku riƙe abin: in rini ya ce babu, ku gaskata shi, domin fanko ba ta haihuwa. In ya ce akwai, ku nemi shaida ta biyu.

Shaidu na gaba suna nan, kowanne da iyakarsa. Ruwan tetrazoliyam ba shi da launi, sai ya gamu da sinadaran numfashi suna aiki yake komawa ja. A 1970 kuma Jack Heslop-Harrison da matarsa Yolande suka fito da wata dabara mai kyau ƙwarai: wani sinadari da ake kira FDA yana shiga ƙwaya, in tana da rai ta sarrafa shi ya riƙa ƙyalli kore a ƙarƙashin shuɗin haske, kuma ba ya zama a ciki sai fatar cikin ƙwayar tana nan lafiya ba ta huje ba. Yana buƙatar madubi na musamman da ba kowace makaranta ke da shi ba. In kun sami inda yake, ku je ku roƙi a koya muku, babu kunya a neman ilimi.

Sai tsirar da bututu a gilashi. Brewbaker da Kwack sun tsara ruwan da ake yin wannan da shi a 1963, mai ɗauke da sukari da boron da kalsiyam da wasu gishirai, kuma har yau daga nan kowa ke farawa. Ana ƙirga ƙwaya a matsayin ta tsira idan tsawon bututunta ya kai faɗinta ko ya wuce. Amma bununin ciyawa yana da wuyar sha'ani a gilashi. In sukari ya yi kaɗan sai ƙwayar ta sha ruwa ta fashe, in ya yi yawa ta tsuke ta ƙi motsi, kuma ma'aunin da ya yi wa gero daidai ba lallai ya yi wa gamba ba. A nan kuskuren ta ɗaya gefen yake zuwa. Rini yakan wanke wadda ta mutu, gilashi kuwa yakan ɗora wa mai rai laifin da ba nata ba. Maganin shi ne kada ku taɓa gwada mai aure shi kaɗai. Ku sa bununin iyayensa a gefe, a ruwa ɗaya, a sa'a ɗaya. In na geron da kuka san yana haihuwa ma ya ƙi tsira, to ruwanku ne ke da magana.

Alƙali na ƙarshe kuwa yana gona. Ku rufe zangarniya da jakar takarda tun gashin mace bai fito ba, ku zuba mata bununin da kuke tuhuma a kan kari, ku mayar da jaka. In kuna da hali, ku yanko ɗan gashin bayan 'yan sa'o'i ku rina da shuɗin anilin, za ku ga bututun suna haske a ciki, ku ga inda suka kai da inda suka tsaya. Sauran ku bari su ƙosa, ku ƙirga furanni nawa ne, tsaba nawa aka samu. Ku danna kowace da farce, domin abin da ake kira irin ciyawa sau da yawa ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa a cikinsa, wanda ya taɓa sheƙe irin gamba ya san haka. Sannan ku shuka tsabar ku ga ta tsiro. Wannan zai cinye muku kaka guda, wataƙila biyu, na sani kuma takardar kammala karatu ba ta jira. Duk da haka in lokaci bai ba ku damar kaiwa nan ba, ku faɗa a rubutunku ƙarara cewa a rini kuka tsaya. Wanda zai ɗora daga inda kuka ajiye zai sa muku albarka.

Akwai maganar lokaci, ita ce ta fi kayar da yara masu ƙwazo. A 1967 Brewbaker ya duba bununin tsirrai kusan 2,000, ya nuna cewa wasu suna sakin nasu da ƙwayar halitta biyu a ciki, wasu da uku. Ciyayi suna cikin masu uku. Nasu yana fitowa da danshi, a shirye, yana numfashi da sauri, don haka ba ya daɗewa. Na shinkafa 'yan mintoci ne, na alkama kamar rabin awa, na masara a fili awa ɗaya zuwa biyu. Gero ya fi su jure bushewa, har Wayne Hanna a Tifton ya busar da nasa ya ajiye shi shekaru cikin sanyi mai tsanani ya kuma haihu da shi, amma kada ku auna sauran ciyayi da gero. Wanda ya karkaɗo bununi da safe, ya sa a aljihu, ya tsaya gaisawa, ya je ya karya kumallo, ya zo ya tarar da ɗakin gwaji a kulle, in ya sami tsira kaɗan kada ya ce ciyawar ce ba ta haihuwa. Balle da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ku shirya gilasanku da ruwanku tun dare. In za ku iya, ku kai su bakin gona a cikin akwati mai jiƙaƙƙen tsumma. Kowace ciyawa kuma da sa'ar da take buɗe jakunkunanta, wata da sassafe, wata sai raɓa ta ɗauke hantsi ya ɗaga, wata ma da rana tsaka. Ba za ku sami sa'ar ciyawarku a garinku a littafin wata ƙasa ba. Ku je ku zauna kusa da ita da agogo da alƙalami, safiya bayan safiya, har ta nuna muku. In rini kaɗai za ku yi kuma ba yau ba, ku tsoma furannin a haɗin kashi uku na etanol da kashi ɗaya na asid ɗin asetik, daga baya ku mayar da su etanol mai ƙarfin kashi 70, za su jira ku.

Yadda kuka ɗebo ma yana iya yi muku ƙarya ba da saninku ba. A tsiron da ba ya haihuwa sosai, jakunkunan da ke cike da fanko sirara ne, sau da yawa ba sa ma buɗewa. In kun tsaya ga abin da ya zubo da aka karkaɗa, to na jakunkuna masu lafiya kaɗai kuka tara, lambarku za ta haura gaskiya. Gara ku ciro jakunkunan gab da fashewarsu, daga sama da tsakiya da gindin zangarniya, ku murje su a cikin ɗigon rini. In kun ɗora murfin gilashi kuma, ƙwayoyin fanko marasa nauyi sukan gudu gefe, cikakku su zauna tsakiya, inda ido ya fi son tsayawa. Ku ratsa gilashin daga baki zuwa baki, ku ƙirga duk abin da ya faɗo a hanyarku, ɗaruruwa ga kowane tushe, daga kai fiye da ɗaya, a rana fiye da ɗaya. Kada ku manta iska ba ta san iyakar kunya ba. Zangarniyar da ba a rufe ba, kyawawan ƙwayoyin da kuka gani a jikinta suna iya zama na gonar maƙwabci.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Wanda ya yi aure da hannunsa, ya yi ban ruwa, ya kori awaki, ya jira watanni, yana son ɗan nan ya haihu. Za ku ci karo da ƙwaya mai rabin launi, zuciya ta ce a sa ta cikin masu kyau. Ba mugunta ba ce, so ne, amma ƙarshensa ɗaya da na ƙarya. Tun kafin ku fara ƙirga ku rubuta ƙa'idarku, wace iri ce cikakkiya, wace iri ce fanko, ina za a sa ta tsakiya, kuma kada ku sauya ta a rabin hanya. Ku ba abokin aiki gilasan ya rufe sunayensu da lamba, ku ƙirga ba tare da sanin na wa ke gabanku ba. In lambar ta fito ba yadda malami yake fata ba, ku kai masa ita haka, cikin ladabi. Malamin kirki ya fi son gaskiya mai ɗaci yau a kan a fitar da iri da sunansa ya ba mutane kunya gobe. Ku tuna ma'auni ne a hannunku, kuma kun san abin da addini ya ce game da tauye shi.

Kada kuma ku ɗauka duk fanko asara ce. Burton ɗin nan, cikin shekarun 1950, ya ci karo da geron da bununinsa ba ya aiki amma macensa lafiya lau. Bai jefar da shi ba. Daga nan aka sami Tift 23A, uwar da ba ta iya yi wa kanta barbara, duk tsabar da ta ɗauka ta uban da aka zaɓa mata ce. Da ita Indiya ta fitar da geronta mai aure na farko, HB-1, a 1965, kuma da irin wannan uwa ake samun tsabar auren gero da ciyawar giwa da yawa ba tare da cire jakunkuna ɗaya bayan ɗaya ba. Burton ne kuma ya fitar da wata kiri-kiri mai aure da ake kira Coastal a 1943, wadda da ƙyar take yin iri, amma aka dasa ta a filaye masu ɗimbin yawa a kudancin Amurka. Ciyawar da ba ta ɓata ƙarfinta wajen yin tsaba takan daɗe da ɗanyen ganye, kuma ba ta tsallaka shinge ta zama annoba. Gambarmu da aka kai Ostareliya cikin shekarun 1930 don kiwo, yawan irinta ya sa ta mamaye dajin arewacin ƙasar, tana haddasa gobara mai cinye manyan itatuwa, har aka ayyana ta muguwar ciyawa a 2008. Don haka kafin ku leƙa madubi ku san me kuke nema. In uwa kuke tantancewa, ƙwaya cikakkiya guda a jakarta ita ce abin damuwa.

Wani abin mamaki na ikon Allah da ya kamata ku sani: akwai ciyayin da ke yin tsaba ba tare da gadon uba ya shiga cikin ɗan tsiron ba, 'ya'yan su fito sak uwarsu. Kyasuwa tana cikinsu, haka yawancin ciyayin Brachiaria da aka kwasa daga Afirka suka zama ƙashin bayan kiwon Burazil, irin su Marandu da hukumar Embrapa ta fitar a 1984. Irin waɗannan ba sa auruwa a matsayin uwa, sai dai su ba da bununi. An rasa yadda za a yi da su har sai da masana a Beljiyam, a farkon shekarun 1980, suka ninka kuromosom na 'yar uwarsu ruziziensis, mai haihuwa ta hanyar da aka saba, daga 18 zuwa 36, ta yi daidai da su. Daga wannan ƙofa cibiyar CIAT ta Kolombiya ta fitar da Mulato, sannan Mulato II a 2005. Ɗalibi zai ce, tunda uwa ita kaɗai take yin ɗa, ina ruwanmu da bununi? Da ruwanmu ƙwarai. A Brachiaria, ko da ɗan tsiron bai gaji uba ba, abincin da ke kewaye da shi a cikin tsaba ba ya ginuwa sai bututun bununi ya iso. In bai iso ba tsabar fanko ce. Mulato na farko dabbobi sun so shi, amma ƙarancin iri ya dame shi, kuma masanan Burazil da suka bi diddigin irin waɗannan aure sun tarar da rikici mai yawa wajen rabon kuromosom lokacin yin bununi.

Haka nan ba duk zangarniya fanko ce laifin namiji ba. Wasu ciyayi, kamar Lolium ta Turai, macensu tana gane bununin tushenta ta ƙi shi, duk lafiyarsa. Gamba ma ta fi son na wani tushe, in kun rufe ta ita kaɗai kada ku yi mamakin ƙarancin tsaba. Wani lokaci sa'a ce ta saɓa, gero ya gama fure tun ciyawar giwa ba ta fid da kai ba, domin ita sai rana ta fara gajarta. Wani lokaci zafi ne, binciken cibiyar ICRISAT a Indiya ya nuna cikar tsabar gero tana faɗuwa idan zafin iska ya haura awo 42 a lokacin fure. Gashin macen da ya daɗe yana jira kuma shi cutar nan mai sa zangarniya ɗigar ruwa mai danƙo ta fi kamawa. Ku rubuta yanayin kowace rana a gefen lambobinku.

Ku kula da lafiyarku, don Allah. Kolcisin guba ce mai ƙarfi, kada ta taɓa fatarku, kuma 'yata, in kina da juna biyu ki bar wa wani wannan aikin, babu wanda zai ga laifinki. Rinin Alexander na asali yana da sinadarai masu cutarwa, akwai sabon haɗi da aka rage su, ku nemi shi. In za ku dafa asetokamin ku yi inda iska ke fita. Kada ku ci abinci a teburin aiki.

In kun fita gona, ku gaida dattawan da kuka tarar, ku tambaye su. Manomin gero a Damagaram ko Daura ya san shibra, wadda ke fitowa cikin geronsa tana zubar da tsaba tun kafin girbi. Ita jinin gero ce da ɗan uwansa na daji, kuromosom ɗinsu 14 ne duka, shi ya sa take haihuwa ba ta ƙarewa. Matan da ke sussuka suna gane kan da bai cika ba tun daga nauyinsa a hannu. Bafulatanin da ke bin shanu ya san gambar wane fadama ce ke riga fure da wadda ke daɗewa kore. Ku rubuta abin da suka ce, ku rubuta sunan garin.

Gambar da aka ɗauka daga tashar binciken Shika kusa da Zariya, inda cibiyar NAPRI take a yau, ita CIAT ta yi wa lamba 621, kuma a 1980 aka fitar da ita ga manoma a Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Burazil da sunan Planaltina. Shanun wata nahiya sun yi ƙiba da ciyawar da muke yanka mu yi zana. Gambar nan iri-iri ce a dajinmu, akwai mai kuromosom 20, akwai mai 40, kuma duk wanda zai aurar da su sai ya fara sanin wace ce wace, da halin bununin kowacce. Tana fure da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. Bana in Allah ya kai mu, kowannenku ya zaɓi tushe goma a bakin hanyar garinsu, ya ɗaura musu alama, ya san sa'ar da suke buɗewa, ya rina, ya tsirar, ya rufe, ya ƙirga tsaba, ya adana littafinsa da kwanan wata a kowane shafi. Ku nuna wa juna abin da kuka samu, ku nuna wa malamanku. Allah ya yi muku albarka, ya sa iliminku ya amfani masu dabbobi.